Hagun Gwaggo Kibiya

"Rabi fa na ce miki. Daga kunnen dama zuwa tsakiyar kai, tsaf kamar an ja da rula. Daga nan zuwa kunnen hagu kuwa gashi na tsaye cirko-cirko."

"Gajiya ta yi?"

"Wace gajiya? Dafa mata kafaɗa ta yi ta ce tashi an gama. Har da miƙa mata madubi."

"Ita kuma ta tashi?"

"To me za ta ce? Ta ɗaura ɗankwali ta yi godiya. A gida ƙanwarta ta ƙarasa mata."

"Allah sarki. Ni kuma ji na yi an ce ta daina gaisawa da Tela."

"Wannan ai wani zancen ne daban. Matsa gaba, layi ya tafi."

A layin karɓar magani na kemis ɗin bakin titi aka yi wannan hirar, kuma wadda ake magana a kanta ita ce Gwaggo Kibiya mai kitso. Ba gwaggon kowa ba ce a unguwar, amma kowa gwaggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Kibiyar kuwa ta kitso ce, siririn ƙarfen nan da ake tsaga gashi da shi, wanda kullum yake soke a gefen ɗankwalinta. Da ita take tsaga, da ita take nuna hanya, da ita take susa, da ita kuma take ƙwanƙwasa kan duk wadda ta cika motsi.

Shagonta ɗan ɗaki ne da ba ya ɗaukar gardamar mutum huɗu. Akwai kujerarta mai jingina, da 'yar kujera ta tsugunno ta wadda ake yi wa, da bencin masu jira, da madubi mai tsagewa a kusurwa ɗaya, da fanka wadda kukanta ya fi iskarta yawa. In ta zauna tana fuskantar ƙofa, bangon dama na mai gyaran waya ne, na hagu kuma na Tela, matar da ke ɗinki. A bangon hagun nan akwai taga. Asalinta katako ne ya ɓalle, mai gidan ya yi ta alkawarin turo kafinta, su kuma da suka gaji da jira suka rataya mata labule suka mai da ita hanya. Ta nan almakashi ke wucewa, da zare, da ruwan sanyi, da labari.

Gwaggo Kibiya tana da ƙa'ida ɗaya a aiki: daga kunnen dama take farawa. Haka matar da ta koya mata ta yi, ita kuma ba ta taɓa tambayar dalili ba. Ba ta kallon hannunta, yatsu sun san hanyarsu. Idonta na ƙofa, kunnenta na taga. Takan ce ita ba ta gulma, saurare kawai take yi, kuma da gaskiyarta, don Tela ce mai kawowa. Tela doguwa ce, tabarau a ƙarshen hanci, tana iya ba da labarin rabuwar aure guda da fil a leɓenta ba tare da ya faɗi ba. Masu jira sun san alamar: in aka ji keken ɗinki ya tsaya, to labari ya zo wurin daɗi.

Wata safiya Gwaggo tana tsakiyar kan wata, kibiya ta suɓuce mata. Ta so ta ɗauka, hannun hagu ya ƙi zuwa. Tela ta ɗaga labule za ta ƙarasa abin da ta faro, sai ta ga bakin maƙwabciyarta ya karkace. Da farko ta ɗauka yatsina ake yi mata don labarin bai yi armashi ba. Da ta kira ta, amsar ta fito da nauyi kamar ta mai barci. Masu jira suka fara ba da shawara, wannan ta ce a yayyafa mata ruwa, waccan ta ce a kwantar da ita ta huta tukuna. Tela ba ta saurari kowa ba. Ta fita ba takalmi, ta tsaya a tsakiyar titi ta buɗe hannu, motar da ta fara zuwa ba ta da zaɓi. Daga baya likita ya ce jijiyar jini ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, kuma saurin da aka yi ne ya rage ɓarnar. Ya tambayi maganin hawan jininta, Gwaggo ta ce tana sha mana, duk ranar da ta tuna.

Ƙafa ta dawo da wuri, da taimakon sanda. Hannun hagu ya yi nauyi amma yana motsi. Baki kuwa shi ne ya fara miƙewa, abin da maigidanta Baba Direba ya ce bai ba shi mamaki ba ko kaɗan. Tsohon direban bas ne da ya ajiye aiki, mutum mai tafiya a hankali da magana a hankali, wanda ya yi shekaru yana cewa "to" a gida har kalmar ta zama tasa.

Sai dai an dawo da wani abu daga asibiti da ba wanda ya san sunansa. Gwaggo takan cinye rabin faranti ta ture, ta ce an fara yi mata rowar nama tun ba ta mutu ba. Baba Direba ya juya farantin, nama ya bayyana a gabanta, ta ɗago ta dube shi da zargi ta ce a aljihu ya ɓoye. Takan sa kwalli a ido ɗaya, ɗan kunne a kunne ɗaya, ta fito tana neman a yaba. Kafaɗarta ta hagu ta riƙa dukan ƙofar ɗaki, ta ce wani ya rage faɗin ƙofar tana asibiti. In aka ce mata akwai abin da ba ta gani, sai ta karanto rubutun jikin kalanda daga nesa ta tambaya ko akwai mai sauran magana.

Babbar 'yarta ta zo daga garin da take aikin ofis. Manaja ake ce mata tun tana yarinya, don ita ce ke jera takalman gidan daga babba zuwa ƙarami kafin ta tafi makaranta. Kwana biyu ta yi tana lura, ta gano mahaifiyarta dama kawai take kai hannu. Nan take ta shiga gyara. Ta tura gado ya manne da bango ta hagu. Ruwa, magani, waya, rediyo, kujerar baƙi, duk ta jera su a dama, ta ja kunnen 'yan gida kada wanda ya wahalar da Mama da juye-juye. Kowa ya yaba da tsarin. Baba Direba ma ya gano wani abu da bai faɗa wa kowa ba: in ya zauna a hagun matarsa, ba a aikensa. Ya yi kwanaki yana shan shayinsa a can cikin kwanciyar hankali irin wadda bai taɓa samu ba tun aurensu.

A cikin kwanakin ne Tela ta zo dubiya. Falo cike yake da mata, wuri ɗaya ya rage, kan hannun kujera ta hagun Gwaggo. Ta ɗosana a nan. Tun daga gida ta shirya abin dariyar da za ta faɗa, amma da ta ga sandar da hannun da ke kwance a cinya, sai ta fasa, ta gaishe ta ƙasa-ƙasa.

"Maƙwabciya, ya jiki?"

Gwaggo ta juya dama, ta dubi matar mai gyaran waya ta ce, "Da sauƙi, 'yar nan. Allah ya yi albarka."

Tela ta zauna har shayin da aka ba ta ya huce. A gabanta Gwaggo ta gaisa da kowa, har da jaririn da ke goye a bayan wata, ba ta dube ta ko sau ɗaya ba. Ta tashi ta tafi ba sallama. Washegari ta samo kwali ta toshe tagar da ƙusa. Ita kuma Gwaggo ta riƙa cewa duk unguwa an zo, ban da wadda suka haɗa bango. Baba Direba ya rantse mata Tela ta zo, ta ce dama ya saba kare ta.

Da ta ji ƙarfi, ta matsa sai ta koma shago. Manaja ta koma bakin aikinta, ba mai hanawa. Wata malamar makaranta, wadda ta daɗe tana zuwa kitso wurinta, ta ce ita za ta fara ba da kanta. Gwaggo ta zauna, ta zare kibiya, ta kama daga kunnen dama kamar kullum. Hannun hagu yana jan ƙafa, amma layukan suka fito. Da ta kai tsakiyar kai ta duba, ta ga komai ya kammala, ta dafa kafaɗar malamar ta ce tashi. Sauran labarin shi ne wanda aka ji a layin kemis.

Kafin rana ta faɗi ya kai kunnen Manaja. Ta bugo waya, kuma ba faɗa ta yi ba, abin da ya fi faɗa tsanani. Ta ce matar da ba ta ganin rabin kai ba za ta ga rabin titi ba, kuma mota ba ta yin haƙuri irin na malamar makaranta. Da zarar ta samu hutu za ta zo da kwalaye, a kwashe shagon a mai da wa mai gida mabuɗinsa, Mama da Baba su koma wurinta. Ta riga ta ware musu ɗaki a bene, mai tagar gilashi, unguwa shiru, ba hayaniya, ba mai damun kowa.

"To me zan saurara a can?" in ji Gwaggo. "Firji?"

Manaja ta ce za su yi maganar in ta zo, wanda a bakinta yana nufin an gama maganar.

Ranar komawa asibiti, Baba Direba ya ba malamar motsa jiki labarin rabin kan don a yi dariya. Ba ta yi ba. Ta zana da'ira a takarda ta ce Gwaggo ta mai da ita agogo. Gwaggo ta karɓi biro ta cusa lambobin duka a ɓangaren dama, suna hawa kan juna kamar fasinja a motar ƙarshe, ta bar hagu fayau, ta miƙa takardar tana jiran yabo. Malamar ta yi musu bayani cewa idon lafiyarsa lau. Ciwon ne ya taɓa wurin da ke tuna wa mutum cewa duniya tana da hagu, shi ya sa mai abin ba ya jin ya rasa komai.

Baba Direba ya ce, "Wato madubin gefe yana nan, direba ne ya daina dubawa."

Ta ce haka ne. Sai ta tambayi yadda ɗakin yake a gida. Ya gyara zama ya zayyana mata tsarin Manaja da alfahari, gado a bango, komai a dama. Malamar ta dafe goshi. Ta ce soyayya ce, ta gani, amma sun taya ciwon aiki ne. A juya komai. A ciro gado daga bango, mai magana ya tsaya a hagu, a tilasta wa wuya ya juya har ya saba. Ba ta yi alkawari ba. Ta ce wasu kan dawo da yawa, wasu kaɗan, kuma abin yana cin lokaci. Amma in suna son a yi sauri, su nemi abin da ta fi so a duniya su ajiye shi a hagunta.

Baba Direba ya gyara hula, ya ɗauki kujerarsa ya zagaya ya zauna a hagun matarsa. Da malamar ta juyo da kan Gwaggo ta nuna mata abin da ya yi, Gwaggo ta yi dariya har sai da aka ba ta ruwa.

An gwada rediyo. Ta riƙa neman muryar ta dama tana zagin maƙwabta da ƙure sauti. An sa mata awarwaro a hannun hagu don ƙararsu ta riƙa tuna mata da shi, ta ce wace ce ke bin ta a baya da kwalliya. Ana samun ci gaba, amma irin na tsohuwar bas a kan tudu. Baba Direba yana kallon kalanda yana kallon matarsa. Shi ma ba ya son benen nan, don ya taɓa kwana a can ya rasa wanda zai ce wa sannu. Wata safiya ya sa takalmi ya nufi shagon Tela.

Ya same ta tana taka keke da ƙarfin da ɗinkin bai buƙata ba. Ta gaishe shi a ladabce ba ta ɗago ba. Makonni ta yi tana shirya jawabin da za ta yi ranar da aka zo ba ta haƙuri, har da wurin da za ta tsaya ta cire tabarau. Ya ba ta labarin faranti, da kwalli, da agogo. Keken ya rage gudu, ya tsaya.

"Wato ba gaba take yi da ni ba?"

"Ba ta ma san kin zo ba. Ita ma fushi take, wai kin ƙi duba ta."

"Ita ce ke fushi? Ni da na tsaya gaban mota ba takalmi?"

"To," in ji Baba Direba.

Tela ta cire tabarau, amma ba a wurin da ta tsara ba. Ta goge su da gefen mayafi ta daɗe tana gogewa. Sannan ta ɗauki almakashi ta ɓanɓare ƙusoshin tagar.

Washegari ya rako Gwaggo shago, ba don aiki ba, don ta zauna kawai. Tana zama aka ɗaga labule.

"Maƙwabciya, kin ji abin da aka yi a gidan mai fenti? Ashe matar da yake cewa ƙanwarsa ce..."

Tela ta datse a nan. Gwaggo ta dubi ƙofa, ta dubi bangon mai gyaran waya, ta dubi fanka.

"Ina kike?"

"Inda nake tun kafin ki yi furfura. Nemo ni. Ba ido, ba ƙarashe."

Wuyan ya fara tafiya a hankali, yana tsayawa yana ci gaba kamar kan fankar shagon. Ya wuce ƙofa, ya wuce ƙusar da ake rataya tawul, ya ƙi, ya koma, ya sake tahowa. Da idonta ya sauka a kan tabarau ɗin nan da fil ɗin nan, Gwaggo ta ƙura mata ido ta ce, "Sai yau kika ga damar zuwa?" Suka yi faɗan da kowacce ta tanada, suka gama shi tas kafin azahar, sannan aka ƙarasa zancen mai fenti.

Daga ranar aiki ya kankama. Tela ta zama mai rowar labari. Takan faro da murya sama, in an zo wurin daɗi ta sauke ta ƙasa-ƙasa, ta datse, sai an juyo an kalle ta. Ta miƙo gwangwanin maɓallai ta taga ta ce a ware mata farare daga baƙaƙe, da hannun hagu, in an gama ta juye su wuri ɗaya ta ce ta canza shawara. Ta yanko jan ƙyalle ta ce za a riƙa maƙala shi a kafaɗar hagu ta duk wadda ake yi wa kitso, ba a cewa an gama sai an ga ja. Sannan ta kawo shawarar da ta kusa tayar da sabuwar gaba: a riƙa farawa daga kunnen hagu. Gwaggo ta ce tun da take ba ta taɓa ba, ba haka aka koya mata ba. Tela ta ce wadda ta koya matan ta daɗe a ƙasa, ba za ta kawo ƙara ba.

Kan gwaji kuwa na Tela ne. Ta zagayo ta zauna a 'yar kujerar, ta ba da furfurarta, ta yi ta yawo a unguwa da kitso wani layin a ɗame wani a sake, tana cewa sabon yayi ne bai iso nan ba tukuna. Malamar makaranta ma ta dawo, da ƙanwarta a gefe saboda tsaro. Ba a buƙaci ƙanwar ba, ko da yake aikin ya ci wuni guda.

Ba kullum ake dariya ba. Akwai ranar da kibiya ta faɗi ta sake faɗuwa, yatsun hagu suka dunƙule suka ƙi buɗewa, Gwaggo ta ce a kira Manaja ta zo ta kwashe ta, ta gaji da zama abin kallo. Tela ba ta lallashe ta ba. Ta taka kekenta na ɗan lokaci, sannan ta tsayar ta ce ashe ba za ta ji ƙarshen rigimar mai kemis da surukinsa ba ke nan. Gwaggo ta share ido ta juyo.

Matsalar da ba a hango ba ita ce unguwar ba ta aikata abin kunya da saurin da jinyar ke buƙata. Labari ya ƙare wa Tela, ta fara ƙirƙira. Ta aurar da mutanen da ba su san juna ba, ta kori wani daga aikin da bai taɓa yi ba. Gwaggo ta yi ta haɗiya har ranar da aka ce wani tsoho mai sayar da katifa zai ƙara aure.

"Wannan ai kin kashe shi makon jiya."

"Ya farfaɗo. Juyo ki ji yadda aka yi."

Manaja ta iso da kwalaye a ninke a bayan mota da naɗin salatif. Ta ga an ciro gado daga bango, ta ji bayanin malamar asibiti daga bakin mahaifinta, abin ya sosa mata rai, don ba ta saba jin tsarinta ya yi ɓarna ba. Amma ba ta sauya ra'ayi ba, kuma tana da hujja. A gabanta da safen nan kafaɗar Mama ta goge ƙofa. A gabanta, a bakin titi, Mama ta duba dama ta ɗaga ƙafa, sai da Baba ya riƙo mayafinta. Ta shigo shago da kwalayen a hammata ta jingine su a benci, ta fara duba abin da za a ɗauka da abin da za a zubar.

Gwaggo ba ta yi gardama ba. Ta zauna a kujerarta tana kallon kan 'yarta, inda ɗankwali ya zame.

"Wa ya yi miki wannan aika-aikar?"

"Mama, a wurin gyaran gashi ne. Ba shi ya kawo ni ba."

"Kuma kika biya su? Zauna."

Rabon Manaja da zama a 'yar kujerar nan tun tana makaranta, lokacin da ta ce hannun Mama zafi gare shi. Ta duba ƙofa, ta ga matar mai gyaran waya ta samu abin sharewa a daidai wurin. Don kada a yi musu a gaban mutane, ta tattara siket ta zauna. Tela ta miƙo jan ƙyalle ta taga, Gwaggo ta ce ta riƙe abinta yau.

Ta tsefe, ta taje, ta zare kibiya ta ɗora a kunnen hagu. Manaja ta ji wurin da aka fara, ta san ba nan aka saba ba. Aikin ya yi tsawo. Hannun hagu yakan tsaya, Gwaggo ta yarfa shi, awarwaro su yi ƙara, ta ci gaba. Ba zafi kamar da, hannun ba shi da ƙarfin ja. Tela ta rage taka keke, kuma karon farko a tarihin tagar ba ta ce uffan ba. Layi ya bi layi, aka haye tsakiyar kai, aka gangara har kunnen dama.

Sai dai can ƙasa, bayan kunnen hagu, wani ɗan tsagi ya tsira. Manaja tana jin sa yana taɓa wuyanta. Tela ta hango shi ta buɗe baki, Baba Direba daga kan benci ya girgiza mata kai. Gwaggo ta soke kibiya a ɗankwali, ta ɗaga hannu za ta dafa kafaɗa. Hannun ya tsaya a sama. Ba wanda ya kira ta, ba labarin da aka datse. Ta juya wuya da kanta, a hankali, ta wuce ƙofa, ta wuce ƙusar tawul, har sai da ta ga tagar da mai tagar. Sannan ta sauke ido ta bi kan 'yarta daga wannan gefen.

"Kar ki tashi. Ga wani ya ɓuya."

Ta kitse shi, ta sake dubawa, sannan ta dafa kafaɗar.

Manaja ta daɗe a gaban madubi mai tsagewa. Ta shafa bayan kunnen hagu fiye da yadda ta shafa sauran kan. Da ta juyo, muryar ofis ta dawo mata, ta fara jero sharuɗɗa. Magani kullum, a gaban Baba, ba ranar da aka tuna ba. Asibiti ba fashi. Aiki zuwa azahar, a rufe. Titi kuwa ba a tsallaka shi sai da wani a gefe, ko da mota ɗaya babu. In aka karya ɗaya, kwalayen suna nan, za ta bar su ajiya a wurin Anti Tela. Gwaggo ta ce sharuɗɗan sun fi na likita yawa. Baba Direba ya ce to. Tela ta karɓi kwalayen ta taga, kafin a rufe shago ta riga ta buɗe ɗaya ta cika shi da ƙyallaye.

Da yamma suka fito. Manaja ta yi gaba ta kawo mota, ɗankwalinta a hannu, ba ta ɗaura ba. Gwaggo ta kulle shagonta ta jefa mabuɗin a jaka. A bakin titi Baba Direba ya tsaya a damanta, inda yake tsammanin za a fi ganinsa. Ta dube shi sama da ƙasa, ta gyara riƙon sandarta.

"Baban Manaja, zagayo ta hagu. Ka tsaya inda zan riƙa waiwayowa."